Baƙon da ya biyo kwalin makero

Makeron da ake soyawa a bakin titi a Marwa ya fi yawancin masu cinsa ganin duniya. A tekun Muritaniya ake kama shi, a daskarar da shi tun a cikin jirgi ko a Nuwadibu, a jera a kwali mai kilo 20, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, sannan a loda shi a motar sanyi ya kamo hanyar arewa. Mu 'yan kasuwa a tsakiya muke. Ba mu ga inda aka kama shi ba, ba ma kuma tambaya. Abu biyu muke dubawa: ƙanƙara ba ta saki ba, kuma girman kifin ya yi daidai da abin da aka rubuta a jikin kwali.

Gidanmu gidan banda ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tsakanin Bulangwa da Darak, a bakin Tafkin Cadi, ya ƙare ƙuruciyarsa, yana ɗauko tarwaɗa da bargi zuwa Marwa da Maiduguri. Ni ne na karkata zuwa kifin ƙanƙara lokacin da harkar tafki ta rikice, hanya ta ƙi biyuwa. Ba kullum nake bin mota ba, amma a hunturun bana na ce bari in tare ta a Ngaundare. Akwai abokan ciniki a can da muka daɗe ba mu gaisa ba, ga kuma ɗan ƙanwata yana dawowa daga kudu. Ya gama karatun sha'anin kifi a makarantar Yabasi, wadda ke ƙarƙashin jami'ar Duwala, ya kuma yi 'yan watanni a bakin teku a Kiribi yana auna abin da masunta suka fito da shi. Uwarsa ta ce in taho mata da shi da hannuna, kada kudu ta riƙe shi.

Jirgin dare ya kawo shi daga Yawunde, kilomita 622. Tun 1974 layin dogo ya zo Ngaundare ya tsaya, har yau bai ƙara taku ɗaya ba, shi ya sa duk kayan arewa da na Cadi daga nan suke komawa kan taya. Motarmu ita ta titi ta biyo, ta Bertuwa da Maiganga. Da asuba muka buɗe bayanta don sauke wa wani mai shago kasonsa, sanyin tudun Adamawa yana dukanmu ta baya, na motar yana dukanmu ta gaba. Garin miƙo kaya kwali ɗaya ya suɓuce wa yaron mota, ya faɗi a kan siminti, dunƙulen ƙanƙarar ya rabu biyu. Ina cikin yi masa faɗa sai na ga ya ɓanɓaro wani ɗan abu daga tsakanin makero biyu, yana shirin wurgarwa.

"Kawu, kar ka bari ya jefar!" in ji ɗan ƙanwar tawa, har yana tuntuɓe.

Ɗan kifi ne, tsawonsa bai kai yatsana na tsakiya ba. Bayansa baƙi-baƙi, gefensa yana ƙyalli a inda ɓawo bai goge ba. Ido ƙato, ya fi ƙarfin kan, baki kuma wawakeke har ya wuce bayan idon. A cikinsa da gefensa akwai ɗige-ɗige zagayayyu, a jere, kowanne da ɗan baƙin da'ira. Ɗan ƙanwar tawa ya riƙe shi a tafin hannu yana ta juyawa, sannan ya ruga farmasi ya sayo sinadarin wanke ciwo, ya zuba a wata 'yar kwalba ya jefa shi ciki. Ni dai lissafin kwalin da ya fashe nake yi.

Sai da muka fita gari ya ce waɗannan ɗige-ɗigen fitilu ne, kifin yana kunna su a cikin duhun teku. Direba, mutumin Garwa ne mai yawan barkwanci, ya kwashe da dariya: "Fitila a cikin ruwa? To wa yake zuba mata kananzir?" Yaron bai ji haushi ba. Ya ce danginsu sun kai iri 250, ana bambance su ta yadda fitilun suka jeru, wannan kuma ya fi kama da wanda masana ke kira Benthosema glaciale. Na sa ya rubuta mini a bayan takardar kaya, don bakina ba zai riƙe ba. Wani ɗan Danmak mai suna Reinhardt ne ya fara bayyana shi a 1837, daga ruwan Girinlan mai ƙanƙara, amma yana nan har gaɓar Muritaniya, inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasa. Mu a motar kifin fitila muka ci gaba da ce masa.

Wanda ya san hanyar nan ya san inda hira take yankewa. Da an doshi gangaren Falez direba ya rage rediyo, ya sa mota a ƙaramin giya, ya shiga salati. Titin yana naɗewa a jikin dutse, kwana bayan kwana, kana hango gawarwakin manyan motoci a rami, wasu har ciyawa ta tsiro a cikinsu. Kunne yana toshewa, sanyi yana raguwa, kowa ya fara cire rigar sanyi. A nan yaron ya sami abin da zai auna mini zurfi da shi. Ya ce Ngaundare tana sama da teku da kimanin mita 1,100, Garwa kuma wajen 200, wato kafin mu isa gadar Binuwai za mu sauka mita 900. "Kawu, ka ɗauka duk wannan gangaren ruwa ne, bakin ruwan yana Ngaundare. Mita 200 na farko nan ne rana take aiki, nan tsiron ruwa yake, nan makero yake kiwo. Daga nan zuwa mita 1,000 sai dusu-dusu, ba dare ba rana ba, tsiro ba ya rayuwa. Idan mun isa Garwa, to mun kusa inda haske ya ƙare gaba ɗaya." Ya ce kifin da ke cikin kwalbar yana wuni ne a tsakiyar wannan gangare, mita 400 zuwa 800. Da magariba ya kamo hawa har kusa da saman ruwa ya ci abinci, kafin gari ya waye ya koma. Kullum, ba fashi.

Na dubi motarmu mai tayoyi goma tana nishi a kan saukowa kawai, na dubi abin da ke cikin kwalba. Ban ce komai ba. Direba ma sai da muka sauka Mbe, inda mata ke tare motoci da doya, sannan ya buɗe baki, abin da ya fara tambaya shi ne ko ana cinsa.

Daga Mbe hanya ta miƙe. Ka bi gefen gandun dajin Binuwai, birai suna zaune a kan kwalta ba su damu da kowa ba, ka wuce ƙauyuka da tarin auduga fari fat ana jiran motar kamfani. Jandarmomi sun tsayar da mu inda suka saba. Ba wani labari sai kusa da Ngong, inda injin sanyin motar ya fara tari, ya yi shiru. Direba ya leƙa, ya buga waya, aka ce makaniki ba zai iso daga Garwa ba sai da safe. In dai ba a buɗe ƙofa ba, ƙanƙara tana iya kwana a hunturu ba ta saki ba, saboda haka na ja masa kunne a kan ƙofar, na ce ni zan je Lagdo gaisuwa. Muka hau babur ni da yaron.

A Lagdo akwai wani tsoho aminin mahaifina, Bakabe ne, asalinsu mutanen Argungu. Baba nake ce masa. Ya zo ne bayan 'yan Sin sun gama dam ɗin Lagdo a kan kogin Binuwai a 1982, lokacin da ruwa ya taru, masunta suka yi ta kwarara daga ko'ina: Musgum da Kotoko daga Logon, Kabawa da Jukunawa daga Najeriya, har da mutanen Mali. Yanzu ƙafa ta hana shi shiga kwalekwale, sai dai ya zauna a gindin ɗakin banda yana gyaran kalli yana ba da umarnin da ba kowa ke bi ba. Muka same shi bayan la'asar, hayaƙi ya cika tungar, mata suna fere karfasa. Bayan gaisuwa da ta'aziyyar waɗanda aka rasa, ya dubi yaron ya ce, "Wannan ja'irin ne aka ce ya je makaranta koyon kifi? Kai, mu da muka tsufa a ruwa wa ya ba mu takarda?" Yaron ya ce, "Kaka, ai shi ya sa na kawo maka jarrabawa." Ya miƙa masa kwalbar.

Na so a ce malaman Yabasi sun ga yadda tsohon nan ya karanta kifin. Ya fito da shi, ya shinshina, ya tsuke fuska saboda warin maganin, ya buɗe bakin da farce, ya ɗaga shi sama wajen haske. Ya ce, "Ba na ruwan daɗi ba ne. Idon nan na mai aikin dare ne. Bakin nan kuma na wanda ba ya zaɓen abinci ne, abin da ya samu shi ne rabonsa." Da aka ce masa ɗige-ɗigen haske suke bayarwa, bai yi dariya irin ta direba ba. Ya ce wanda ya taɓa damƙar minjirya a cikin taru ba zai musa ba. Ubangijin da ya sa wuta a jikin wani kifi, sa haske a jikin wani ba zai gagare shi ba. Yaron ya ce hasken ba mai zafi ba ne, shuɗi ne mai ratsin kore, wani sinadari ne a jikin kifin yake haɗuwa da iskar da ke cikin ruwa. A irin wannan ma, namiji yana da wata fitila a saman gindin wutsiya, mace kuma a ƙasa, ta haka suke gane juna.

Sai Baba ya yi tambayar da ni ban yi tunaninta ba duk tsawon hanya. Ya ce, "To, ƙaramin kifi ɓuya yake nema. Wane wauta zai sa ya kunna fitila a inda manya ke farauta?"

Yaron ya gyara zama. Ya ce a wannan zurfin mafarauta daga ƙasa suke kallon sama. Ɗan hasken da ya rage yana saukowa daga bisa, duk abin da ya gitta sai inuwarsa ta fito baƙa, a hango shi. Shi kuwa kifin fitila sai ya kunna na cikinsa daidai ƙarfin hasken da ke sama, inuwar ta ɓace, wanda ke ƙasa ya duba bai ga komai ba. Wato da hasken yake ɓuya. Baba ya yi shiru, sannan ya buga cinya. Ya ce ai wannan tsohon karatu ne. Kowane kifi bayansa duhu, cikinsa fari, don tsuntsu daga sama kada ya gan shi, giwan ruwa daga ƙasa kada ya gan shi. Kuma akwai wani ƙurungu mai iyo a rigingine yana tsotsar saman ruwa, shi cikinsa ne baƙi, bayansa ya fi haske. Ya aika wani jikansa ya binciko cikin kamun ranar, aka kuwa kawo ɗaya, ciki baƙi ƙirin. Yaron ya ce sun karanta shi a littafi amma bai taɓa riƙe shi ba. Ranar dai ɗaya da ɗaya aka tashi.

Haka suka yi ta yi har aka kawo shayi. Yaron ya ce a daren farin wata kifin fitila ba ya haurowa sosai, yana tsayawa ƙasa-ƙasa don kada a gan shi. Baba ya ce wannan ko yaron da ya fara riƙe filafili ya san farin wata yana canja kamu. Yaron ya ce duk mita 10 da ka nutse, ruwa yana ƙara danna ka da nauyin kilo ɗaya a kan wuri mai faɗin farce, a mita 500 kilo 50 ke nan, sanyi kuma yana ƙaruwa har ya kusa na firji. Baba ya tambayi yadda jakar iskar cikinsa ba ta fashewa a wannan hawa da sauka, domin shi ya sha ganin kifin da aka fizgo daga gindin dam cikinsa ya kumbura. Amsar ita ce da yawansu in sun girma jakar tana shanyewa ko ta cika da kitse, kitse kuwa ba ya kumbura ba ya matsewa. Nan ne tsohon ya tambayi zurfin Lagdo a wannan ma'auni. Bangon dam ɗin duka mita 40 ne. Ya ce, "Ashe mu a bakin randa muka ƙare rayuwa." Tafkin Cadi da mahaifina yake yi wa kirari ma, yawancinsa 'yan mitoci ne, wani wurin da gora ake tura jirgi.

Bayan isha'i limamin tungar ya zauna da mu. Da ya ji zancen, ya tuna mana ayar nan ta Suratun Nur mai misali da duffai a cikin teku mai zurfi, igiyar ruwa a kan igiyar ruwa, duhu a kan duhu, har mutum ya fitar da hannunsa da ƙyar ya gan shi. Aka yi tasbihi, aka koma kan kifi.

Labarin da ya fi yi wa masunta daɗi shi ne na ƙasan ƙarya. A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya, masu bincike na sojan ruwan Amurka suna gwada na'urar da ke aika sauti cikin ruwa don gano jiragen yaƙi masu nutso, a gaɓar Kalifoniya. Sai na'urar ta riƙa nuna musu ƙasa a wajen mita 300, a wurin da aka san zurfinsa ya ninka haka sau da yawa. Abin mamaki kuma, da dare ƙasan sai ya taso, da safe ya koma. A 1945 wani masani mai suna Martin Johnson ya ce ba ƙasa ba ce, halittu ne masu rai. Ashe taron kifin fitila ne da makamantansu, sun yi shimfiɗa a cikin ruwa, sautin yana dukan jakar iskarsu yana dawowa. Wani matashi a cikin masu sauraro ya ce, "Soja guda, kifi ya yi musu wasa da hankali!" Aka yi ta dariya.

Daga nan aka shiga lissafi, wanda ni ne ya fi shafa. A 1980 wasu masana biyu, ɗan Norwe da ɗan Japan, sun ƙiyasta wa hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kifayen wannan zurfin sun kai tan miliyan 1,000. Da taru suka auna, kifayen kuwa suna jin zuwan taru su kauce. Daga baya wani jirgin bincike na Sifaniya ya zagaya duniya a 2010 da 2011 yana aunawa da sauti, a 2014 suka ce adadin zai iya ninka wancan sau goma. Duk abin da jiragen duniya ke kamawa a teku a shekara kuwa bai wuce tan miliyan 80 da 'yan kai ba. Kuma kifin fitila ba shi ne ya fi yawan kai ba. Akwai wani ƙanƙani da ya fi shi, Cyclothone, siriri, baki cike da ƙananan haƙora, yawancinsu ba su kai rabin yatsa ba, shi ba ya ma wahalar da kansa da hawa, yana can ƙasa dare da rana. Masana suna cewa a cikin duk halittu masu ƙashin baya babu wanda ya kai shi yawa. Kajin duniya sun haura biliyan 20, amma shi lissafinsa da tiriliyoyi ake yi. Na shekara da shekaru ina cin abinci da kifi, ban taɓa jin sunan wanda ya fi kowa yawa ba, don ba shi da kwali, ba shi da farashi.

Tambayar direba ta dawo ta bakin wata mata mai banda: to me ya hana a kamo a soya? Yaron ya ce kitsen irin wannan yana da danƙo, in mutum ya ci da yawa cikinsa zai ɓaci. Ga shi da an fito da shi yake narkewa, ga tsadar man jirgi. Amma makero da tuna da sauran manyan kifaye da tsuntsayen teku ba ruwansu, shi ne tuwonsu. In ya hauro da dare suna nan suna jira. Haka namu ya shiga taru tare da masu cinsa. Sai dai ana nan ana zawarcinsa, ba don tukunya ba, don a niƙa shi gari a ciyar da kifin gona da kaji. Afirka ta Kudu ta taɓa kama sama da tan 40,000 na wani irinsa a 1973. Iran ta gwada a tekun Oman, Norwe ma ta gwada a nata ruwan.

A nan Baba ya ajiye kofin shayi. Ya ce shi ya ga farkon Lagdo, lokacin da mutum biyu suke ɗaukar giwan ruwa ɗaya a sanda, ana cewa ruwan nan ba zai taɓa ƙarewa ba. Sai aka fara rage idon kalli. Daga yatsa huɗu aka koma uku, aka koma biyu, har aka kai ga masu jan gidan sauro a bakin gaɓa suna kwashe 'ya'yan kifi ana shanyawa a tabarma. Yanzu hukuma tana rufe ruwa wata uku na damina don kifi ya hayayyafa, ana bi ana karyawa. Ya ce, "Duk wanda ya ce maka abu ya fi ƙarfin ƙarewa, tambaye shi ko ya taɓa ƙirga shi." Ya nuna yaron da haɓa: "Su ma masu takardar, tsakanin lissafinsu na farko da na biyu ninki goma ne."

Ni ɗan kasuwa ne, ba na ƙin riba, kuma na san yunwa ba ta jiran bincike. Amma a kan wannan ina bayan tsoho. Garin kifin nan ba bakin talakan Marwa zai shiga ba. Mun ga yadda aka yi da sardin a Nuwadibu, inda masana'antun niƙa suka yi layi a bakin teku. A 2021 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta ce sama da tan 500,000 na ƙananan kifi ake kwashewa duk shekara a gaɓar Afirka ta Yamma, a mayar gari da mai a fitar waje. Wancan kifin da mutane ke ci ne. Wannan kuwa abincin kifin da mutane ke ci ne, in aka taɓa shi ba a kasuwa za a fara gani ba, sai bayan shekaru, lokacin da ba wanda zai iya nuna mai laifi. Yaron ya ƙara da wani aikin da kifin fitila yake yi wanda ba a biyansa: yana ci a sama, ya je ya yi kashi a ƙasa, ta haka yake saukar da wani kaso na hayaƙin da ke ɗumama duniya zuwa inda zai daɗe bai dawo ba. Wannan ɓangaren masuntan ba su kula shi sosai ba, sauro ya fara yawa.

Da safe da za mu tafi Baba ya ƙi mayar da kwalbar. Ya ce kuɗin kwana ne, kuma yana da abokan musu a tungar gaba da yake so ya kashe wa baki. Yaron ya roƙa, ya yi barazanar ƙwace masa amarya, a banza. Sai hoto ya ɗauka a waya, ya kuma karɓi ƙurungun nan mai baƙin ciki a madadi.

Mun tarar makaniki ya gama, ƙanƙara ba ta ce komai ba. Garwa muka sauke kaya kaɗan muka wuce. Binuwai a wannan lokaci rabinta yashi ne, masu wanki da masu ɗiban yashi sun fi masu kwalekwale yawa, ba ka ce nan ne a da jiragen ruwa suke zuwa daga Najeriya da damina su ɗauki auduga da gyaɗa ba. Muka bar dutsen Tingilin a gefe, muka wuce Pitowa, muka wuce Figil da ƙurar simintinta.

Bayan Figil hazo ya sauko sosai, har direba ya kunna fitila da rana tsaka. Yana tsaki yana goge gilashi, yaron ya ce masa ya yi wa ƙurar nan uzuri, aiki take tafiya. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Cadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi ta fito da ƙarfi. Wurin gindin wani tafki ne ƙato da ya rufe yankin shekaru dubbai da suka wuce, wanda Tafkin Cadi na yau ragowarsa ne. Ƙurar kanta gawarwakin ƙananan tsiron ruwan wancan tafki ne, tana ɗauke da sinadarin ƙarfe da fosfora. Wadda ba ta tsaya a hancinmu ba tana wucewa har tekun Atilantika, wata ma har dajin Amazon na Kudancin Amurka. Ya ce arzikin gaɓar Muritaniya dai daga ruwan sanyin da ke tasowa daga ƙasa yake, amma can tsakiyar teku, inda ba kogin da ke kai taki, ƙurar tana cikin abin da tsiron ruwa ke samu, ƙananan ƙwarin ruwa su ci tsiron, kifin fitila ya hauro da dare ya ci ƙwarin. Direba ya ce shi dai tari take sa shi, kuma ba wanda ya taɓa biyansa kuɗin magani daga Amazon.

Da hantsi washegari muka buɗe mota a Marwa, a inuwar dalbejiya, kogin Kaliyawo a bushe ƙayau yara suna ƙwallo a ciki. Kafin a sauke kwali goma uwar yaron ta aiko babur ya ɗauke shi, ko sallama kirki ba mu yi ba. Matan da ke suya sun riga sun yi layi da robobinsu. Wata Hajiya da ta daɗe tana saye a wurina ta sa aka buɗe mata kwali a gabanta, ta ƙirga kawunan da ke saman dunƙulen, ta ce, "Alhaji, makeron nan naku kullum ƙanƙancewa yake yi. Da ina yanka ɗaya gida uku, yanzu biyu ma da ƙyar." Na ce haka ya zo daga teku. Ta ce teku ba ta san kuɗin makarantar jikokinta ba. Na rage mata dala ɗari, ta ce sai dai ɗari biyu, muna nan a kai har aka kira azahar.